3.4 Alhakin Mai Ajiye Namun Daji a Idon Doka

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda gardawa da sauran masu wasa da kura da macizai da gwaggon biri suke yawo da dabbobinsu a kasuwanni domin tallar magani da neman abinci. Wannan sashe kuwa zai duba matsayinsu a doka, wato ko an yarda su mallaki dabbobin, da kuma wanda alhaki zai hau kansa idan dabbar ta yi ɓarna.

Dangane da mallaka, tun a shekarar 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji, wadda ta tanadi lasisin farauta, ta kuma keɓe wasu dabbobi da ba a taɓa su sai da izini. Bayan haka Nijeriya ta shiga yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973, wadda ta fara aiki a 1975 domin sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Domin aiwatar da ita ne gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 11 ta 1985. Dokar ta kasa dabbobi gida biyu: waɗanda aka haramta kamawa da cinikinsu, da waɗanda ake iya cinikinsu da lasisi. An yi mata kwaskwarima a 2016 aka ƙara yawan tarar da ke cikinta. A wannan shekara ce kuma aka mayar da aku mai jan wutsiya cikin jerin farko na CITES, abin da ya hana fataucin wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare.

Sai dai lasisi bai ɗauke wa mutum alhakin ɓarnar dabbarsa ba. Ƙa'idojin shari'ar Ingila da kotunan Nijeriya suka gada sun raba dabbobi iri biyu. Na farko su ne na gida, kamar kare da doki da sa. Idan irin waɗannan suka ji wa wani rauni, sai mai ƙara ya nuna cewa mai dabbar ya san tana da mugun hali. Na biyu su ne na daji, kamar kura da zaki da kada. A nan doka ba ta neman shaidar sakaci ko ta sani. Ajiye dabbar kaɗai ya isa. A shari'ar May da Burdett ta 1846, biri ya ciji wata mata, kotu ta ɗora alhaki kan mai birin. Haka nan a shari'ar Behrens ta 1957, wata horarriyar giwar 'yan wasa ta firgita saboda haushin ƙaramin kare ta raunata mutane, kotu ta ce horo bai fitar da giwa daga sahun namun daji ba.

Idan aka auna wannan da al'adar gardawa, za a ga cewa hujjar da suka fi dogara da ita, wato sun sha magani kuma dabbar ta saba da su, ba ta da tasiri a gaban alƙali. Takunkumi da sarƙa suna rage haɗari, amma ba su sauke nauyin biyan diyya.

Fiƙihun Malikiyya ma bai bar mai dabba haka nan ba. Littafin Risala ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta ko mai jan ta ko mahayinta, sannan malaman mazhabar sun lamuntar da wanda ya ci gaba da ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗe shi.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa doka ta tsaya kan asali guda: wanda ya kawo haɗari cikin jama'a don amfanin kansa, shi zai ɗauki asarar da ta biyo baya. Matsalar ita ce yawancin masu wannan sana'a ba su da halin biyan diyya. A Birtaniya, dokar 1976 ta shardanta inshora kafin a ba da lasisin ajiye dabba mai haɗari. Babi na huɗu zai tattauna ko irin wannan tsari zai dace da gardawa.