Daga Kura Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

Manomin shinkafa a Kura ko Bunkure da ya sayar da amfanin gona ya biya kujerar Makka, tambayar da ya fi yi wa tsofaffin alhazai ita ce: awa nawa ake yi a sama?

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin alhazai kan ci wajen kilomita 850 a awa, don haka in ya miƙe ta Chadi da Sudan ya haye Bahar Maliya, tafiyar ba ta cika wuce awa biyar ba. Sai dai agogo kan rikita maniyyaci: Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na safe, zai sauka agogon hannunsa na nuna uku, na bangon filin kuwa biyar, la'asar ta yi nisa.

Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jirage suka riƙa zagaye, shan mai ya ƙaru, zama ya tsawaita, kuma tsofaffi masu ciwon gwiwa ne suka fi jin jiki.