DAGA KURKUKUN 'YAN NAZI ZUWA JIRGIN NUHU: DARASI GA IYAYE DAGA WANI TSOHON WASA

Iyaye da yawa a cikin ikilisiyoyinmu suna kuka da yadda wasannin waya da na talabijin suka ɗauke hankalin yara, har wasu sukan makara zuwa makarantar Lahadi saboda su. Wannan damuwa ta daɗe. Tun fiye da shekara 30 da suka wuce an yi ja-in-ja a Amurka a kan abin da ya kamata yaro ya gani a cikin irin waɗannan wasanni, kuma labarin wani wasa guda ɗaya na wancan zamani ya ishe mu abin tunani.

A wancan lokaci wasannin iri biyu ne. Akwai na kwamfutar gida, waɗanda ake sayarwa a faifai, kuma duk mai basira yana iya ƙirƙiro nasa ya sayar ba tare da neman izinin kowa ba. Akwai kuma na akwatin wasa, wato na'urar da ake jonawa da talabijin a zura mata kaset, irin su Nintendo da Sega. Idan wasa ya yi farin jini a kwamfuta, sai 'yan kasuwa su so mayar da shi akwatin wasa, domin can ne yara suka fi yawa. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Sai an sake rubuta wasan kusan daga tushe, gama akwatin bai kai kwamfuta wurin ajiya ba, kuma maimakon allon haruffa, 'yan maɓallai kaɗan ne a hannun mai wasa.

Banda wannan, akwai mai gadi a bakin ƙofa. Bayan kasuwar wasanni ta durƙushe a Amurka a 1983 saboda yawan kayan banza, kamfanin Nintendo na Japan ya shigo da akwatinsa mai suna NES a 1985, ya sa masa wani ɗan makulli a ciki wanda yake ƙin duk kaset ɗin da kamfanin bai amince da shi ba. Dokokinsa a Amurka sun hana jini da tsiraici da zagi. Sun kuma hana alamun addini, har da gicciye. Saboda haka ne a wasan Final Fantasy da ya fito can a 1990 aka mai da majami'u suka zama ɗakunan shan magani.

Yadda aka wanke wasan yaƙi

A watan Mayu na 1992 wani ƙaramin kamfani mai suna id Software ya fitar da Wolfenstein 3D domin kwamfuta. Mai wasa yana zama ɗan leƙen asirin Amurka da aka tsare a wani kurkukun 'yan Nazi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana bin lungu-lungu da bindiga yana harbe duk wanda ya tare masa hanya. Wasan ya karɓu ƙwarai, sai aka kai shi akwatin Super Nintendo a 1994.

Kafin ya wuce ƙofa sai da aka yi masa wanka. An cire jini aka sa gumi a madadinsa. Karnukan da suke kai hari an mai da su manyan ɓeraye, domin kada a ga ana harbin kare. An goge alamun 'yan Nazi daga bango, aka aske wa Hitler gashin baki, aka ba shi wani suna dabam. Amma fa har yanzu yaro yana riƙe da bindiga, kuma hanyar cin nasara ita ce kashe mutane. Tuwo ne aka sauya wa suna.

Kiristoci sun bi ta bayan gida

Ana cikin haka, akwai wani kamfani a Amurka mai suna Wisdom Tree, reshen wani da ake kira Color Dreams, wanda ya gano dabarar tsallake makullin Nintendo. Da yake manyan kantuna suna tsoron ɓata wa Nintendo rai, sai wannan kamfani ya koma yin wasanni daga labaran Littafi Mai Tsarki yana sayarwa a shagunan littattafan Kirista. A 1991 ya fitar da Bible Adventures, mai ɗauke da labarin Nuhu, da na Musa yana jariri, da na Dauda da Goliyat.

A 1994 sai ya karɓi izinin amfani da ginin Wolfenstein 3D daga masu shi, ya yi wasa mai suna Super 3D Noah's Ark. Kurkuku ya zama jirgin Nuhu. Sojoji sun zama awaki da tumaki da jiminu waɗanda zaman jirgi ya ishe su har suka fara bore. Bindiga ta zama danƙo irin na harbin tsuntsu, Nuhu yana harba wa dabbobin abinci, su ci su yi barci. Babu wanda yake mutuwa a hannunsa. A kan hanya kuma mai wasa yakan gamu da tambayoyi game da labarin ruwan tsufana, wanda yake cikin Farawa sura 6 zuwa 9.

Tun da Nintendo bai ba da izini ba, sai aka ƙera kaset ɗin da baki a samansa. Dole mai wasa ya cusa wani kaset mai izini a kai, shi ne zai ruɗi makullin har wasan ya tashi. Daga baya wasan ya koma kwamfuta inda tushensa yake, an kuma sake fitar da shi a kasuwar intanet ta Steam a 2015.

Abin da ya rage gare mu

Kada mu yi saurin yabo. Wanda ya taɓa wasannin biyu zai ga gini ɗaya ne: gudu, saiti, harbi. Masu Wisdom Tree sun fi Nintendo zurfin gyara, gama sun kawar da kisa gaba ɗaya, amma su ma kasuwa suke nema, kuma sa sunan Nuhu a kan kaset bai isa ya koya wa yaro biyayya da bangaskiyar Nuhu ba. A Matiyu sura 23 Ubangijinmu Yesu ya tsauta wa masu tsabtace bayan ƙwarya su bar cikinta da ƙazanta. Wannan ma'auni ya shafi wasan da aka goge wa jini, ya kuma shafi wanda aka lulluɓe da sunan Littafi Mai Tsarki.

Gardamar wancan zamani ta haifi abu guda mai amfani. Bayan Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan tashin hankali a cikin wasanni a ƙarshen 1993, an kafa hukumar ESRB a 1994, wadda take sa wa wasa alamar shekarun da suka dace da shi. Yau ma a rumbun manhajoji na waya kowane wasa yana da irin wannan alama a kusa da sunansa. Mu riƙa dubawa kafin yaro ya sauke.

Amma alama ba ta maye gurbin uba da uwa. Tsoffin wasannin nan da yawa sun dawo cikin wayoyi, wasu ma a ainihin kamanninsu na kwamfuta, ba tare da gyaran da aka yi musu ba. Mai gadin da ya rage shi ne na cikin gida. Uba ya zauna kusa da ɗansa na minti goma ya tambaye shi: me ake yi a ci nasara a wannan wasa? Amsar za ta nuna masa abin da yaron yake koya. A yanka wa wasa lokaci, kada ya ci na karatu da na addu'ar iyali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.