Haƙoran da Ɓera Ke Rasawa Tun Yana Ciki

Yau cikin bakin ɓera za mu leƙa.

Haƙoransa 16 ne kacal, rabin na baligin mutum. A kowane ɓari, sama da ƙasa, akwai dogon haƙorin gaba guda, wanda yake huda buhun hatsi da shi, sai turame uku can ciki. Tsakaninsu kuwa giɓi ne fetal, ko fiƙa babu. To ina sauran suka shiga?

Ashe sun so su fito. Renata Peterkova da abokan aikinta a birnin Prag na ƙasar Cek sun bi muƙamuƙin tayin ɓera kwana bayan kwana, suka ga 'yan tsiron haƙora suna ɓullowa a wannan giɓi, sannan su ɓace. Ba cuta ke cinye su ba. Ƙwayoyin halittar da ke wurin ne ke kashe kansu bisa umarni: ƙwaya ta tsuke, ta farfashe gutsi-gutsi, maƙwabtanta su haɗiye ta, babu kumburi, babu tabo. Tun 1972 masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka bayyana irin wannan mutuwa, suka kira ta afoftosis.

Abin da ya fi ɗaure mini kai yana cikin haƙoran da suka tsira. Cikin ɓera kusan mako uku yake yi. Wajen kwana na 14, wani ɗan ƙullin ƙwayoyi kan bayyana a tsakiyar tsiron turmi. Shi ba ya hayayyafa, sai dai ya riƙa aika saƙon sinadarai yana sa na kewaye su yawaita, su lanƙwasa, haƙori ya ɗauki siffa. Kwana ɗaya zuwa biyu, ya gama aiki, ya mutu. Kamar katakon da magina ke tokare dakin da shi ne, siminti na kamawa sai a cire. Daga baya wasu ƙananan ƙulle-ƙulle su fito daidai inda tsinin turmi zai kasance, su ma su bi sahu. Irma Thesleff da Jukka Jernvall na Jami'ar Helsinki a Finlan suna cikin waɗanda suka warware wannan, kuma a 1998 suka danganta mutuwar ƙullin da wani sinadari mai suna BMP4.

To idan aka taɓa tsarin fa? A 2006, Ophir Klein da abokansa a Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado ta Sprouty2 kan fito da ƙarin haƙori a gaban turame, cikin giɓin nan. Tsiron da ya kamata ya ɓace ne ya rayu ya girma. Shi ya sa masu neman hanyar tsirar wa mutum sabon haƙori ba sa wasa da bakin ɓera, ko da yake tafiyar da saura.