Me Matasan Ma'aikata Ke So a Ofisoshin Dutse?

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, Dutse ta karɓi ma'aikatan da aka rabo daga Kano, da manyan fayilolinsu da al'adarsu ta aiki: na ƙasa ya yi shiru, ya bi layi, girma zai zo da shekaru. Waɗanda aka haifa tsakanin 1981 da 1996 kuwa, a lokacin wasu na firamare, wasu ko haihuwarsu ba a yi ba. Yau su ne ke fitowa daga unguwanni irin su Yalwawa da safe, suna nufar sakatariya da bankuna da asibitoci da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

Manya na cewa yaran zamani ba su da haƙuri. Ni dai ina ganin lissafi ne ya sauya. A da, haƙuri na da lada: albashi na riƙe gida, fansho na jiran mutum. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma mai iyali ya san ba ya kai wata. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci da na'urar POS a shagon ƙaninsa, ko ma'aikaciya na tallan atamfa a WhatsApp tsakanin azahar da la'asar.

Sai dai ba kuɗi ne kaɗai ke ci musu tuwo a ƙwarya ba. Dubi yadda takarda ke tafiya. Matashi ne ke zama da kwamfutarsa ta kansa, da datar da ya saya da kuɗinsa, ya tsara rahoto har dare. Da safe oga ya sa hannu, sunan mai wahala bai fito ko'ina ba. In taron bita ya taso a Kaduna ko Abuja, mai alawus, sai a tura wanda ya kusa ritaya. A taron ofis kowa "ranka ya daɗe, haka ne"; ainihin maganar sai an fito, a gindin bishiya ko a rukunin WhatsApp da babu oga a ciki. Ba gaisuwar suke ƙi ba, don har gobe suna rusunawa. Abin da suke so shi ne a tambaye su ra'ayi kafin a yanke hukunci, a kuma yi ƙarin girma bisa aiki, ba bisa wa ka sani ba.

Su ma da nasu laifin. Mai latsa waya alhali dattijo na tsaye da fayil a gabansa ba shi da bakin kukan rashin adalci.

Waɗanda suka gaji ba sa rigima. Suna neman aiki a ƙungiyoyin agaji, likitoci da nas-nas su nufi Saudiyya ko Ingila, shugaban sashe kuma sai ya ga takardar ajiye aiki a kan teburinsa.