Ƙura Ce Ajalin Babbar Jif A Mai'aduwa

Duk ranar Lahadi, manyan motocin jif irin su Land Cruiser sukan keto rairayi daga ƙauyukan kan iyakar Nijar zuwa kasuwar Mai'aduwa. Sai dai duk ƙarfin nan nasu, ƙurar hunturu takan kayar da su. Idan matatar iska ta toshe, mota takan yi nauyi, ta dinga zuƙar mai. In kuwa ta yage, yashi ya shiga inji ke nan, ya cinye shi sannu a hankali.

Saboda haka makanikai kan gargaɗi direba ya kakkaɓe matata kowane mako, ya juye baƙin mai bayan kilomita 5,000, ya duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. Wanda ya yi sakaci, ribar damina guda ce za ta ƙare a garejin Daura.