Wake da Rake a Bakin Turawa

Ku da kuka gama littafin farko, kun san dokar rubutun Hausa: duk harafin da aka rubuta, sai a faɗe shi. Turanci ba ya bin wannan doka ko'ina. Ga shi kuwa takardun asibiti, da na banki, da na kotu, yawancinsu da Turanci su ke zuwa. Sabo da haka yau za mu duba waɗansu kalmomi na Turanci 'yan gida ɗaya. Kowace haruffa huɗu gare ta. Harafi na biyu A ne, na ƙarshe kuwa E.

Na zaɓe su don suna da yaudara. In ka gan su a rubuce, sai ka rantse Hausa ce.

Dubi wannan: WAKE. Bahaushe ya gani, ya ce to, ga abin dafawa da shinkafa. Amma ga Bature ma'anarta farkawa daga barci, kuma yakan ce "weik". RAKE ma haka. Ba abin sha ba ne, manjagara ce ta tara ciyawa, ana ce da ita "reik". Wadda ta fi ba da dariya ita ce MACE. Ba matar kowa ba ce. Sanda ce ta girma, irin wadda a ke ajiyewa gaban shugaba in Majalisar Dokoki ta zauna a Birnin Kebbi. "Meis" a ke cewa.

Kun lura da abu guda? E na ƙarshe ba a faɗinsa sam. Aikinsa kurum ya juya muryar A ta koma "ei". Kun ma daɗe kuna faɗin ɗaya daga cikinsu ba ku sani ba. In ɗan makaranta ya makara mukan ce ya yi latti. Daga LATE muka aro ta, watau "leit".

To, waɗannan na wasa ne. Ga waɗanda rashin saninsu kan jawo hasara.

Ta fari ita ce SALE. Ba sunan Malam Sale ba ne. Ana faɗinta "seil", ma'anarta sayarwa. In aka kawo maka takarda a kan gonarka ta albasa, ko jirginka, ko filin da ka gāda, ka ga wannan kalma a ciki, kada ka dangwala yatsa tukuna. Ka nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka ita duka, don jingina daban, haya daban, sayarwa daban. Sa'an nan akwai kayan da a ke rabawa kyauta, kamar gidan sauro da waɗansu magunguna. Akan rubuta a jikinsu NOT FOR SALE, watau ba na sayarwa ba ne. Wanda ya nemi kuɗi gare ka a kan irin wannan kaya, nuna masa rubutun da yatsa.

Ta biyu TAKE. Ba taken sarki ba, ba kuwa nan take ba. "Teik" ce, watau ɗauka. A jikin kwalbar magani kuwa nufinta sha. Lambar da ke biye da ita, ita ce yawan ƙwayar da za ka sha, ko yawan cokali.

Sai NAME da DATE, waɗanda kusan kowace takardar cikewa tana da su. NAME suna, "neim". DATE kwanan wata, "deit". Kada ka sa sunanka a gurbin kwanan wata. A jikin magani, in ka ga EXP kusa da DATE, wannan shi ne lokacin da ƙarfin maganin ya ƙare. In ya wuce, mai da wa mai shago abinsa.

Yanzu mu gangara bakin ruwa. LAKE, "leik", ita ce tafki. Kakanninmu kogin Kwara suka sani, da gungunansa. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taru ya yi baya har wajen Yelwa, tsawonsa ya fi kilomita 130. Ya ci ƙauyuka da gungu da yawa, har tsohon garin Busa, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Tun daga nan wannan kalma ta shiga taswira da allunan hanya na ƙasarmu.

Amma ku yi hankali da jerin haruffa. A Hausa ma kun san "rama" da "mara" haruffansu ɗaya, ma'ana ta bambanta. Haka "tafi" da "fita". To, ɗauki haruffan LAKE ka sake musu zama, sai ka sami LEAK. Nan E da A sun zauna kafaɗa da kafaɗa, muryarsu ta zama "ii", a ce "liik". Ma'anarta yoyo. SALE ma in an juya ta sai ta zama SEAL, "siil", watau hatimi, ko liƙin da ke bakin kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba.

Akwai biyu da mai shiga jirgi daga Yauri zuwa Wara ko Shanga ya kamata ya riƙe. FARE kuɗin jirgi ne ko na mota. Ita ta ɗan kauce wa doka, don harafin R ya ja ta, akan ce "fea". SAFE kuwa, "seif", ba safiya ba ce. Abin da babu haɗari cikinsa shi ne SAFE. Mutanen ƙasar Ngaski ba su manta da watan Mayu na 2021 ba, sa'ad da wani jirgi da aka cika fiye da kima ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Jirgin da aka cika haka, ko mai yoyo, ko wanda babu rigar ruwa cikinsa, ba a kiransa da wannan kalma, ko da FARE ɗinsa ya yi araha.

Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuta GATE, da SAME, da MAKE a littafinsa, ya gwada faɗinsu da kansa. Ma'anarsu ke nan a jere: ƙofar shiga, iri ɗaya, yin abu. Ranar kasuwa kuma ku duba jikin kwalaye da buhuna, duk wanda ya ga wata 'yar wannan gida ya kwafo ta ya kawo wa malami.