Harshen Rahoto kan Shafukan Sada Zumunta a Kafofin Watsa Labarai na Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Janairu na 1939 da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ɗan jarida ne yake riga malamin harshe haɗuwa da baƙon abu, kuma shi ne yake fara raɗa masa suna da Hausa. Haka lamarin ya ci gaba bayan buɗe sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje, wato BBC a 1957 da Muryar Jamus a 1963 da Muryar Amurka a 1979, sannan rediyon Faransa a 2007. Littafin da McIntyre da Meyer-Bahlburg suka fitar a 1991 kan kalmomin Hausa na kafofin watsa labarai ya isa shaida a kan yawan abin da waɗannan gidaje suka zuba a rumbun harshen. Sai dai an kammala wannan aiki shekara 10 kafin wayar salula ta shigo hannun talakan Nijeriya a 2001, ballantana Facebook da WhatsApp da TikTok. Wannan maƙala za ta duba yadda kafofin labarai na Hausa suke ba da rahoto kan waɗannan sababbin hanyoyin sadarwa, ta fuskar kalmomin da suka zaɓa da kuma irin jimlolin da suke ginawa, domin a nan ne ake gane matsayin da suka ba su.

2.0 Sunan da Aka Raɗa

Babu suna guda ɗaya tsayayye. Ana jin "shafukan sada zumunta" da "kafofin sada zumunta" ko "kafafen sada zumunta" da "dandalin sada zumunta", a wasu lokuta kuma a ari kalmar Turanci kai tsaye a ce "soshiyal midiya". Kalmar farko a kowane suna tana nuna yadda mai magana ya hango abin. Wanda ya ce shafi ya ɗauke shi littafi ne da ake rubutu a ciki. Wanda ya ce kafa ya sanya shi a sahun rediyo da jarida. Wanda kuwa ya ce dandali ya koma da shi filin da samari da 'yanmata suke haɗuwa da dare a garuruwan Hausa domin wasa da waƙa da hira, kuma idan aka yi la'akari da masu yawan amfani da abin da abin da suke yi a can, wannan shi ya fi kusa da gaskiya.

Abin da bai canja ba a duk sunayen shi ne "sada zumunta", kuma a nan ya kamata a tsaya. Zumunci a wurin Bahaushe al'amari ne na jini da aure da maƙwabtaka, sada shi kuwa wajibi ne na addini da al'ada wanda ake zargin mai yanke shi. Karin maganar da ke cewa zumunta a ƙafa take tana nufin sai an taka an je, ba a yin ta daga nesa. Ke nan an ɗauki kalmar da ta ginu kan tattaki da ganin ido an ɗora ta a kan abin da ya zo domin ya ɗauke wa mutum tattakin. Kalmar Turancin da aka fassara ba ta ɗauke da wannan nauyi, ma'anarta ba ta wuce cuɗanyar jama'a ba. Mai fassara ya ƙara wa abin daraja ba tare da ya yi niyya ba.

Akasin haka ne ya faru da "yanar gizo". Fassara ce ta kai tsaye ta saƙar gizo-gizo, amma kunnen Bahaushe ba ya jin gizo bai tuna da Gizo na tatsuniya ba, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo da yaudara. Haka kuma idan abu ya yi wa mutum gizo, to ya ga abin da babu shi ne. Saboda haka sunan ya zo da ɗan shakku a jikinsa, abin da kalmar aro "intanet" ba ta da shi. Yarabawa sun bi wata hanya dabam da suka ce ayélujára, suna nuni da haɗewar sassan duniya, babu gizo-gizo a ciki.

Akwai kuma kalmomin da aka faɗaɗa ma'anarsu. A da, mawallafi shi ne wanda ya tsara littafi ko waƙa, amma yanzu duk wanda ya rubuta layi biyu a shafinsa sai a ce ya wallafa. Manhaja, wadda malamai suka sani da tsarin darussan makaranta, ta zama sunan abin da ake saukewa a waya. Mabiya, da aka fi jin su tare da shehi ko ɗariƙa ko jam'iyya, sun koma adadin da ake ƙirgawa a shafin mawaƙi. Kutse ya tashi daga shiga taro ba gayyata ya koma satar shiga kwamfutar wani. Babu wata hukuma da ta zauna ta tsara waɗannan kamar yadda aka yi wa keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. A ɗakin labarai aka haife su, cikin gaggawar lokacin shiga iska, kuma da yawansu sun zauna daram fiye da wasu da kwamitoci suka ƙirƙira.

3.0 Wane ne "Ana"?

Abin mamaki shi ne, duk da sunan zumunci, da wuya a ji labarin zumunci a rahotannin da suka shafi waɗannan shafuka. Kalmomin da suke yawan biyo sunan su ne ce-ce-ku-ce da muhawara da caccaka da martani da tayar da ƙura da tofa albarkacin baki. Wato a wurin ɗan jarida shafin ba ya zama labari sai an yi rigima a cikinsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai nazarin harshe shi ne aikau ɗin jimlar. Hausa tana da wakilin suna na boye, wato "an" da "ana" da "aka", wanda yake ba mai magana damar faɗin aiki ba tare da ya ambaci wanda ya yi shi ba. Idan aka ce ana ta ce-ce-ku-ce a kan wani batu, mai sauraro bai san ko mutum 20 ne ko 20,000 ba. Idan kuma ɗan jarida ya so bayyana aikau, sai ya ce "'yan Nijeriya" ko "jama'a" ko "'yan Arewa", alhali abin da yake hannunsa bai wuce saƙonni uku ko huɗu da ya tsinta ba. Wannan sigar magana ita ce sigar da ji-ta-ji-ta take tafiya a kanta tun kafin zuwan waya: an ce, wai, ana cewa. Rediyo ya sami amincewar Hausawa ne saboda yana faɗin wanda ya ce da inda ya ce, har "a rediyo na ji" ta zama hujjar kashe gardama a majalisa. Idan ya koma ga "ana", to yana ara wa zancen da ba shi da mai shi wannan amincin.

Lamarin dakatar da Twitter ya fito da wannan matsala fili. A ranar 2 ga Yuni 2021 kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi nuni ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ranar 4 ga wata Ma'aikatar Watsa Labarai a ƙarƙashin Lai Mohammed ta ba da sanarwar dakatar da shafin, kuma a kan shafin ne ta saka sanarwar. Kwanaki kaɗan bayan haka Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta umarci gidajen da su daina amfani da shi. Dakatarwar ta ɗauki kwana 222, ba a janye ta ba sai 13 ga Janairu 2022, kuma a watan Yuli na wannan shekara kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa ta saɓa wa doka. Umarnin da aka ba gidajen watsa labarai shi ne abin lura, domin ya nuna gwamnati ta fahimci cewa ƙarfin shafin ba a yawan masu shigarsa yake ba. Masu amfani da shi 'yan tsiraru ne a kan masu Facebook da WhatsApp, mafi yawan rubutunsu kuma da Turanci. Amma abin da suka rubuta da safe, da yamma an fassara shi an karanta wa manomi a Gumel ko ɗan tireda a Sabon Gari ta Ibadan da sunan ra'ayin jama'a. Ta wannan hanya ne gangamin neman sako 'yanmatan Chibok a 2014 da na EndSARS a 2020 suka isa kunnen waɗanda ba su taɓa buɗe shafin ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, inda Hausawa suka fi yin maganarsu ba ya shiga rahoto. Saƙon murya na WhatsApp ya dace da al'ummar da ta fi sabawa da baka, kuma ba ya buƙatar iya boko. Sai dai yana yawo ne a rufaffun rukunoni, ba a iya lalubo shi da kalma kamar rubutu, saboda haka ɗan jarida ba ya ganin sa sai ɓarna ta auku. A watan Agusta na 2014, lokacin annobar Ebola, saƙon da ya ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya zagaye ƙasar nan ta waya a dare ɗaya, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama suka kwanta a asibiti. Binciken da BBC ta fitar a 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikici a Jihar Filato. A nan ma ba a daidaita kan suna ba, ana cewa labaran ƙarya, ana cewa labaran bogi, wasu kuma su ce labaran ƙanzon kurege. Na ukun ya fi daɗin ji, amma yana da raha a cikinsa, bai kuwa kamata a yi raha da abin da ya ci rai ba. Hausa tana iya bambanta ƙarya da aka shirya da gangan da kuma ji-ta-ji-ta da mutum ya tura da kyakkyawar niyya, kuma rahoto zai fi amfani idan ya riƙa faɗin wadda yake nufi.

4.0 Matsalar Rubutu

Saura batun rubuta sunayen kamfanonin. Wasu kafofin sun riƙa rubuta Tuwita da Fesbuk bisa ƙa'idar Hausa ta raba baƙaƙe da wasali, wasu suka bar su yadda masu su suka rubuta, har akan ga sigogin biyu a kafa ɗaya. Da aka sauya sunan Twitter zuwa X a watan Yuli na 2023 sai aka sami suna da harafi ɗaya tak, harafin da babu shi a abacadar Hausa. Mai karanta labarai yana furta shi "eks", mai rubutu kuma yana barin sa a yadda yake, sau da yawa tare da ƙarin bayanin cewa shi ne wanda a da ake kira Twitter. Waɗannan shafuka ne kuma suka saba wa matasa da rubutu ba tare da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba, har ta kai a rubuce ba a bambanta kafa ta watsa labarai da ƙafa ta tafiya, kuma wannan sakaci ya fara bayyana a shafukan wasu kafofin labaran su kansu.